Cocin Katolika da Tazarar Haihuwa: Abin da Ya Hana, Abin da Ya Halatta, da Dalilan da Yake Karɓa

Maganganu biyu ne suka fi yawo a bakin jama'a game da matsayin Cocin Katolika kan haihuwa, kuma dukansu sun kauce wa gaskiya. Wasu na cewa cocin ya umarci mabiyansa su yi ta haihuwa babu hutu, iya abin da jikin mace ya iya ɗauka. Wasu kuma na cewa tunda ya yarda da lissafin kwanaki, ai ya halatta hana ɗaukar ciki ke nan ta bayan gida. Ruɗanin ya samo asali ne daga cakuɗa tambayoyi biyu da cocin ya raba. Ta farko: shin ma'aurata suna da dalilin jinkirta haihuwa? Ta biyu: ta wace hanya za su jinkirta? A tambaya ta farko cocin ya bar wa miji da mata fili mai faɗi. A ta biyu kuwa ya tsaurara ƙwarai.

Batun ya shafi mabiya kimanin biliyan 1.4 a duniya, ciki har da iyalai masu ibada da Hausa a Kaduna, Kafanchan, Zariya, Jos, Kano, Sakkwato da Maraɗi. Ya kuma shafi ungozoma da likitan da ke duba su, da maƙwabcin da ke son fahimtar abin da maƙwabcinsa ya yi imani da shi.

Ma'anar kalmomin

Tazarar haihuwa ita ce barin lokaci tsakanin haihuwa da haihuwa. Ƙayyade iyali kuma shi ne tsayawa a wani adadi na 'ya'ya. Cocin bai haramta ko ɗaya daga cikinsu ba idan akwai dalili.

Abin da ya haramta shi ne hana ɗaukar ciki, wato duk wani abu da aka yi kafin saduwa, ko a lokacinta, ko bayanta, da nufin kada saduwar ta kai ga ciki. Ƙwayoyi, allura, ashanar hannu, robar mahaifa, kwaroron roba da ɗaure mahaifa ko jijiyar namiji duk sun shiga nan. Zubar da ciki babi ne daban, wanda cocin yake ɗauka a matsayin kisan rai.

Tsarin iyali na ɗabi'a shi ne ma'aurata su koyi gane kwanakin da mace za ta iya ɗaukar ciki, su ƙaurace wa saduwa a cikinsu idan suna son jinkiri, ko su nemi juna a cikinsu idan ciki suke nema. Kada kalmar ɗabi'a ta ruɗi mai karatu. Ma'aunin zafin jiki da manhajar waya kayan zamani ne, amma cocin ya yarda da su, domin bayani kawai suke bayarwa. Saiwar gargajiya da ake sha don hana ciki, da zubar da maniyyi a waje, ba daga kanti suka fito ba, amma haramun ne a wurinsa, domin suna toshe sakamakon saduwar.

Wasiƙar Fafaroma takarda ce ta koyarwa da yake aika wa cocin duniya, ana kuma kiranta da kalmominta na farko a harshen Latin. Katikizim shi ne littafin da ya tattara koyarwar cocin. Lamiri kuwa shi ne hukuncin zuciya da mutum ke rarrabe daidai da kuskure da shi a gaban Allah.

Abin da jikin mace ke nunawa

Mace kan saki ƙwai ne a lokaci guda cikin kowane zagayen haila, kuma ƙwan ba ya wuce awa 12 zuwa 24 da rai. Maniyyi na iya rayuwa a jikinta har kwana biyar. Idan aka haɗa, kimanin kwana shida ne kawai ciki ke iya shiga a kowane zagaye. Wahalar ita ce gane waɗanne kwanaki ne.

A shekarun 1920 likitoci biyu, Kyusaku Ogino na Japan da Hermann Knaus na Ostiriya, suka gano, kowa a nasa ɓangaren, cewa ƙwan na fita kimanin mako biyu kafin haila mai zuwa. Daga nan aka samo lissafin kalanda. Rauninsa a fili yake, domin yana hasashen wannan wata ne da watannin baya, jikin mace kuwa na sauyawa da ciwo, da damuwa, da shayarwa. Yawancin sukar da ake yi wa tsarin a yau, wannan tsohon lissafin ake nufi.

Hanyoyin da suka biyo baya suna karanta alamun jiki ne kullum. A birnin Melbourne na Ostireliya, Dakta John Billings ya fara bincike a 1953, daga baya matarsa Dakta Evelyn ta shiga aikin. Suka tsara hanyar lura da ruwan bakin mahaifa, wanda kan yi yauƙi da santsi idan ƙwai ya kusa fita. Dakta Josef Rötzer na Ostiriya ya haɗa wannan alama da awon zafin jiki da sassafe, tunda zafin kan ɗan ɗaga bayan fitar ƙwai ya tsaya haka. A Amurka, Dakta Thomas Hilgers ya samar da tsarin Creighton, Jami'ar Marquette kuma ta fito da wanda ake auna sinadaran fitsari da ƙaramar na'ura. Jami'ar Georgetown ta tsara hanyar carbi mai launuka, inda ake ƙauracewa daga rana ta 8 zuwa ta 19, amma ga macen da zagayenta ke tsakanin kwana 26 da 32 kaɗai. Shayar da nono zalla ma na ba da kariya matuƙar jariri bai kai wata shida ba kuma haila ba ta dawo ba.

Yadda koyarwar ta kafu

Har zuwa farkon ƙarni na 20, manyan ɗarikun Kirista duk suna ƙin hana ɗaukar ciki. A 1930 taron bishop-bishop na Angilika a Lambeth, Ingila, ya yi sassauci ga ma'auratan da ke da ƙwaƙƙwaran dalili. A ƙarshen shekarar Fafaroma Pius na 11 ya mayar da martani da wasiƙar Casti Connubii, ya jaddada haramcin, amma ya ce babu laifi ga ma'aurata su sadu a lokacin da ciki ba zai iya shiga ba. A watan Oktoba na 1951 Pius na 12, cikin jawabinsa ga ungozomomin Italiya, ya fito fili ya ce ana iya taƙaita saduwa ga kwanakin da ba a ɗaukar ciki idan akwai dalilai masu nauyi.

Fitowar ƙwayar hana ciki a Amurka a 1960 ta sake tayar da batun. Ɗaya daga cikin waɗanda suka samar da ita, Dakta John Rock, ɗan Katolika ne, ya kuma yi ta kira ga cocinsa ya karɓe ta. Fafaroma John na 23 ya kafa kwamitin nazari a 1963, Paul na 6 ya faɗaɗa shi, ya sa likitoci da ma'aurata. A 1966 mafi rinjayen kwamitin suka ba da shawarar a sassauta, rahoton kuma ya fita a jaridu a 1967, har jama'a suka sa ran sauyi. Ranar 25 ga Yuli, 1968, Paul na 6 ya sa hannu kan wasiƙar Humanae Vitae, ya ƙi shawarar. Wasiƙar ce ginshiƙin koyarwar har yau. John Paul na 2 ya ƙarfafa ta a Familiaris Consortio ta 1981 da Katikizim na 1992, Francis ma ya tabbatar da ita a Amoris Laetitia ta 2016.

Tushen hujjar shi ne saduwar aure tana da ma'anoni biyu da Allah ya haɗa: haɗa zukatan miji da mata, da buɗe ƙofa ga sabon rai. Cocin na ganin ɗan Adam ba shi da ikon raba su da gangan.

Dalilan da ake karɓa

Cocin bai taɓa fitar da jerin dalilai da za a duba a ce wannan ya ci, wannan ya faɗi ba. Rukunai ya ambata. Pius na 12 ya kawo lafiya, da cutar gado, da tattalin arziki, da yanayin zamantakewa, ya ce irin waɗannan na iya sa a jinkirta na dogon lokaci, har ma tsawon zaman auren. Humanae Vitae ta ambaci halin jiki, da halin ƙwaƙwalwa, da dukiya, da yanayin rayuwa. Katikizim, a sakin layi na 2368, ya ce dalilin ya zama na adalci, kada ya fito daga son kai.

Idan aka sauko da rukunan ƙasa, misalansu sanannu ne. Macen da ta yi jijjiga ko zubar jini mai tsanani a haihuwar baya, ko aka yi mata tiyata ba da daɗewa ba, ko take fama da ciwon zuciya ko yoyon fitsari, tana da dalili na lafiya. Ma'auratan da dukansu ke ɗauke da rukunin jini na AS, waɗanda kowane cikin da matar ta ɗauka ke da yiwuwar kashi 25 cikin ɗari na zuwa da sikila, suna da abin da za su auna. Haka uwar da ta shiga matsananciyar damuwa bayan haihuwa, da magidancin da ya rasa sana'a, da iyalin da rikici ya kora sansanin gudun hijira, da iyayen da ke jinyar yaro mai lalura. Haƙƙin 'ya'yan da aka riga aka haifa, na ci da karatu da tarbiyya, yana cikin abin da cocin ya ce a duba.

Akwai iyaka. Wanda ya shiga aure da ƙudurin ba zai taɓa yarda a haihu ba, dokar cocin na ɗaukar aurensa bai ƙullu ba tun farko. Wannan dabam yake da rashin haihuwa na ƙaddara, wanda ba ya ɓata aure. Sannan maganin da likita ya bayar don warkar da cuta ta gaskiya, ko cire mahaifar da ta kamu da daji, halal ne ko da zai hana haihuwa, muddin ba hana haihuwar aka nufa ba.

Wa ke yanke hukunci?

Babban taron cocin na biyu a Batikan ya amsa wannan a 1965, cikin takardar Gaudium et Spes: miji da mata ne da kansu za su yanke hukuncin a gaban Allah, ba wani ba. Ba a neman izinin Fada, kodayake ana iya neman shawararsa. Dangin miji ba su da ta cewa, haka gwamnati. Sharaɗin shi ne lamirinsu ya zama mai bin koyarwar cocin. Takardar ta kuma yaba wa waɗanda suka karɓi 'ya'ya da yawa cikin hikima da karamci.

A nan 'yan Katolika masu bin koyarwar suka rabu. Wasu, musamman masu tsattsauran riƙo da al'adar dā, na ganin sai dalilin ya kai ga barazanar rai ko matsanancin talauci, in ba haka ba a bar wa Allah. Har suna zargin masu dogon jinkiri da cewa suna ɗauke da zuciyar hana ciki ko da hanyarsu halal ce. Mafi yawan malaman cocin na ganin wannan tsanani ya wuce abin da takardun suka faɗa, tunda dalili na adalci da hankali suka nema, wanda ya fi ƙarfin son jin daɗi kawai. A watan Janairu na 2015, a hanyarsa ta komawa daga Filifin, Fafaroma Francis ya ce zama ɗan Katolika na gari ba ya nufin haihuwa barkatai, ya kawo misalin wata da aka yi wa tiyata sau bakwai tana ɗauke da ciki na takwas, ya ce akwai ganganci a ciki. Bayan kwana biyu kuma ya yabi manyan iyalai, ya ce ba su ne sanadin talauci ba. Maganganun biyu tare su ne matsayin cocin.

Idan manufa ɗaya ce, ina bambancin?

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi. Mai shan ƙwaya da mai lissafi duk ciki suke gudu. Amsar cocin ita ce kyawun manufa ba ya wanke hanya. 'Yan kasuwa biyu na iya neman abin ciyar da iyali, ɗaya ya cika mudu, ɗaya ya tauye. Buƙatarsu ɗaya, aikinsu ya bambanta. Masu ƙauracewa ba su taɓa saduwar ba, haƙuri suka yi da ita na wasu kwanaki, ranar da suka sadu kuma ba su toshe komai ba. Masu hana ciki sun yi saduwar, suka cire mata ɗaya daga ma'anoninta.

Masu suka a cikin cocin ba su gamsu ba. Malaman tauhidi irin su Bernard Häring na Jamus da Charles Curran na Amurka sun ce ya kamata a auna zaman auren gaba ɗaya, ba kowace saduwa ita kaɗai ba. Batikan ta hana Curran koyar da tauhidin Katolika a 1986. Tun a 1968 ma bishop-bishop na Jamus da na Kanada sun fitar da sanarwa masu ba da muhimmanci ga lamirin wanda ya yi nazari da gaske ya kasa karɓar hukuncin. A aikace, mabiya da dama a Turai da Amurka ba sa bi. Wani nazari na cibiyar Guttmacher a 2011 ya nuna kusan duk matan Katolika na Amurka da suka taɓa saduwa sun taɓa amfani da hanyar da cocin ya hana.

Cutar ƙanjamau ta ƙara zafafa muhawarar. A 2009, a hanyarsa ta zuwa Kamaru, Benedict na 16 ya ce rabon kwaroron roba ba zai magance annobar ba, ya sha suka daga masana lafiya. A 2010 ya ce amfani da shi don kare wani daga kamuwa na iya zama matakin farko na sanin ya kamata, Batikan ta kuma bayyana cewa wannan bai sauya hukuncin hana ciki ba.

Masu kare wasiƙar Humanae Vitae suna nuni da gargaɗin Paul na 6 cewa gwamnatoci za su iya tilasta wa jama'a hana haihuwa. Sukan kawo misalin miliyoyin da aka yi wa aikin hana haihuwa a Indiya lokacin dokar ta-ɓaci ta 1975 zuwa 1977, da dokar ɗa ɗaya ta Sin da aka soke a ƙarshen 2015.

Sauran addinai da ɗariku sun bi wata hanya. Galibin cocin Furotesta sun bar zaɓin hanya ga ma'aurata. Mafi yawan malaman Musulunci sun halatta azalu, wato zubar da maniyyi a waje, da yardar mace, suka yi ƙiyasin hanyoyin wucin gadi a kansa, suka hana yanke haihuwa ɗungurungum sai bisa larura. A wannan gaɓa hukuncin Katolika ya fi tsauri.

Shin tsarin na aiki?

Amsar ta dogara da hanyar da aka bi da kuma yadda aka bi ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada hanyar Billings a ƙasashe biyar, wato Indiya, Filifin, Ailan, New Zealand da El Salvador, aka buga sakamakon a 1981. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na matan, har da waɗanda ba su yi boko ba, sun iya gane alamar tun zagayen farko. Cikin da ya shiga duk da an bi ƙa'ida bai wuce kimanin uku cikin ɗari a shekara ba, amma jimillar ta haura ashirin, galibi saboda saduwa a kwanakin da aka san akwai haɗari. Wani bincike a Jamus kan mata 900 masu haɗa awon zafi da alamar ruwa, wanda aka buga a 2007, ya sami ƙasa da ɗaya cikin ɗari ga masu cikakken kiyayewa, da kusan biyu a jimilla. Hanyar carbi kan kai kimanin 12 a amfanin yau da kullum. Don kwatanci, ƙwaya kan kai kimanin 7, kwaroron roba 13, ashana da robar mahaifa kuwa ƙasa da ɗaya.

Darasin shi ne hanyoyin zamani na lura da jiki sun fi tsohon lissafi nesa ba kusa ba, amma ba sa yafe sakaci. Suna buƙatar malami ƙwararre, da rubuta alamu kullum, da ƙauracewar da kan kai mako ɗaya zuwa kwana 12 a wata. Sun fi wuya a lokacin goyo da gab da ɗaukewar haila, wato lokutan da mace ta fi buƙatar hutu. Ba sa kare kowa daga cututtukan jima'i.

Abin da zai biyo baya ga iyalai

Amfanin tsarin ba ƙarami ba ne. Ba shi da illar magani, ba ya cin kuɗi sosai, yana taimakon masu neman haihuwa, yana kuma sa miji ya san halin da jikin matarsa ke ciki. Ƙauracewa don lafiyar uwa da jariri ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, inda aka daɗe ana gudun kwanika, ana kai mai jego gidan iyayenta. A Nijeriya, 'yar ƙasar Ailan Sista Dakta Léonie McSweeney ta shafe shekaru masu yawa a Ibadan tana yaɗa hanyar Billings.

Haɗarin kuma na gaske ne. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar jiran aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin sabon ciki, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen ciki da haihuwa a duniya 'yan Nijeriya ne. A irin wannan hali, macen da aka hana ta ƙwaya, ba a kuma koya mata komai ba, an bar ta cikin haɗari. Haka wadda mijinta ba ya jin a'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tsarin nan ba ya yiwuwa sai da yardar mutum biyu. Humanae Vitae da kanta ta ce saduwar da aka tilasta wa abokin aure ba tare da duba halinsa ba ta saɓa wa ƙauna da ɗa'a.

Saboda haka nauyi ya rataya a wuyan ɓangarori uku. Cocin da ya rufe sauran hanyoyi wajibi ne ya samar da masu koyarwa a kowace majami'a, har ƙauye, da harshen da mutane ke ji, ya kuma fito fili ya gaya wa mabiya cewa jinkirta haihuwa bisa dalili ba zunubi ba ne. Ma'aikatan lafiya su daina kallon mai ƙin allura saboda imani a matsayin mai taurin kai, su nuna mata hanyar da addininta ya yarda da ita, su faɗa mata gaskiyar ƙarfinta da rauninta. Mazaje kuma su san cewa rabin aikin nasu ne. Wanda ya ce yana bin koyarwar cocinsa, amma ya ƙi haƙurin 'yan kwanaki alhali likita ya ce wani ciki na iya kashe matarsa, ya riƙi haramcin ne ya yar da abin da aka gina shi a kai.